Ga Surukina, Wanda Ya Koya Mini Hanyar Gidana

Mu na Allah ne, kuma komawarmu gare Shi take. Da hantsin ranar Laraba, sha huɗu ga watan Mayu, Allah Ya karɓi ran surukina, mahaifin maigidana, tsohon ma'aikacin gandun daji wanda abokan aikinsa suke kira Dogo, yaranmu kuma suke ce masa Kakan Daji. Ya cika a ɗakinsa da ke gidanmu, ɗansa yana riƙe da hannunsa, bayan kwanciyar da ba ta yi tsawo ba. An kai shi makwancinsa bayan azahar.

Baba, duk zaman da muka yi ban taɓa ce maka "kai" ba. Kullum "ku" ne, kaina a sunkuye. Yau da ba ka nan, ka yafe mini, zan yi maka magana irin ta 'ya da ubanta, domin haka ka riƙe ni tun ranar da ka shigo gidan nan.

Ba da son ranka ka dawo wurinmu ba. Bayan rasuwar matarka, Inna, sai da 'ya'yanka suka yi ta lallashi kafin ka yarda ka bar gidanka na bakin daji. Ka iso da jaka ɗaya, da sanda, da wata hula mai faɗin baki wadda rana ta cinye launinta. A lokacin ba mu daɗe da tarewa a sabuwar unguwa ba, irin wadda ake gina gidajen a jere, fenti ɗaya, ƙofa ɗaya, har bishiyar ƙofar gida iri ɗaya. Ni kuwa Allah bai ba ni sanin hanya ba. A ɗakin magani na asibitin da nake aiki, ko an rufe mini ido zan miƙa hannu in ɗauko abin da ake nema a kan kanta. Amma da na fita waje, gabas da yamma duk ɗaya suke a wurina. Maigidana yakan ce idan aka juya ni sau biyu a kicin ɗina sai na tambayi inda ƙofa take.

Wata rana na dawo daga kasuwa, motar haya ta sauke ni a wata kwana da ban saba ba. Na yi ta zagaya layuka da kaya a hannu, har na zura makulli a ƙofar wasu mutane, matar gidan ta leƙo tana tambayar lafiya. Ban iso gida ba sai da rana ta yi ja, tumatir ya dame a leda, ƙafafuna sun yi futu-futu. Ɗanka ya yi dariya har da hawaye, yara suna taya shi. Kai kana zaune a kan tabarmarka, ba ka taya su ba. Washegari da sassafe ka aiko babbar 'yata ta ce mini in sako takalmi, Kaka yana jira a ƙofa.

Ka wuce gaba, ina biye da kai daga nesa saboda kunya. Da muka kai tsakiyar layi ka tsaya, ka nuna wata katanga da sandarka, ka ce: "Kin ce gidajen iri ɗaya ne. Magini ne ya yi su iri ɗaya, amma ruwan sama bai yarda ba."

Sai a ranar na lura cewa kowane gida yana da ɓangaren da fentinsa ya ɓamɓare, gansakuka ta yi masa kore daga ƙasa, kuma duk ta fuska ɗaya ne, inda ruwa yake dukansa idan hadari ya taso. Ka nuna mini yadda bishiyoyin layin suka ɗan karkata gefe guda saboda iskar da ta saba tura su. Ka sa na dubi inuwata, ka ce da safe tana nuna yamma, da yamma kuma ta koma gabas, kuma ba ta taɓa karɓar cin hanci ba. Ka nuna mini kwatar bakin titi, ka ce ƙasar unguwar nan gangare ce ko da ido bai gani ba, gidanmu kuma yana ta sama, don haka idan na rikice in dubi inda ruwan kwata ya nufa in saɓa masa. Har farantan kama talabijin da ke kan rufin mutane ba ka bari ba, ka ce dukansu wuri ɗaya suke kallo kamar an tsawata musu.

Ba ka taɓa tambayata ko na gane ba. Da za mu juyo sai ka ce gwiwarka ta motsa, in wuce gaba za ka biyo a hankali. Na ɗauki layin da ba shi ba. Ka biyo ni shiru, kana ƙwanƙwasa sandarka, har sai da na ga gansakukar katangu ta koma hannun da bai kamata ba, na tsaya da kaina na juya. Da na waiwayo na tarar kana duban sama kamar ba ka san abin da ya faru ba. Mun yi irin wannan fita sau da yawa a wannan shekarar. Daga baya na gane gwiwar nan lafiyarta ƙalau.

A cikin gida ma ba ka daina karatunka ba. Kana zaune a inuwa sai ka ce a kwashe shanya, alhali sama fes take. Idan aka tambaye ka, ka nuna tururuwa suna hawa bango da ƙwayayensu a baki, ko tsattsewa suna shawagi ƙasa-ƙasa. Yawanci kafin a gama naɗe kayan iska ta taso. Ranar da ba ta taso ba kuwa, yara suka zo suna yi maka tsiya, sai ka ce hadarin ne ya canja shawara bai aiko maka ba. Da suka ce maka su yanzu komai a yanar gizo suke dubawa, ka ce kai ma da ita ka yi aiki shekara da shekaru: idan ka ga saƙar gizo-gizo ta gitta hanya ba ta tsinke ba, ka san babu wanda ya wuce nan yau, kuma taka ba ta buƙatar caji. Sun daɗe suna maimaita wannan maganar a makaranta.

Wuri ɗaya na taɓa ganin ka rasa gabas, shi ne asibitinmu. Na kai ka awon jini, muka shiga doguwar barandar nan ta ciki wadda ba ta da taga ko ɗaya, fitilu fari fat, ƙofofi iri ɗaya hagu da dama. Ka tsaya cak, ka dubi sama ka ga silin, ka dubi ƙasa ka ga tayil, ka yi murmushi ka ce mini a nan ni ce Dogo, in ja ka. Na yi gaba kana biye, kuma da muka dawo gida ka ba ɗanka labari da bakinka, kana ƙara gishiri, don dai a san ni ma ina da dajin da na iya.

Mantuwa ta shigo maka a hankali. Da farko ka idar da salla ka sake tayarwa. Sai sunayen jikoki suka fara cakuɗe maka. Daga baya ka koma kiran ɗanka "Malam", kana yi masa godiya a kan masaukin da ya ba ka, kana cewa gobe za ka wuce kada ka ɗora masa nauyi. Yakan amsa maka da ladabi, ya fita bayan gida ya daɗe bai dawo ba. Ni kuma na zama "yarinyar nan mai kirki". Likita ya gaya mana gaskiya cewa abin ba ya komawa baya. Amma abin da ya ba mu mamaki, duk abin da ya zube daga kanka, sama da ƙasa ba su zube ba. Ba ka san ranar da ake ciki ba, amma ka dubi ganyen bishiyar ƙofar gida ka faɗi saura nawa damina ta faɗi.

A bazarar bara, wata Asabar, magina suna shigo da yashi don gyaran katangar baya, ƙofa ta wuni a buɗe. Bayan azahar na kai maka abinci na tarar da ɗakin wayam. Babu sanda, babu hula. Kofin ruwan da na ajiye maka da safe yana nan a cike. Rana kuwa irin wadda take sa kwalta ta yi laushi, ga ka da hawan jini.

Ɗanka ya hau babur ya nufi tasha, daga nan asibiti, daga nan ofishin 'yan sanda. Maƙwabta suka bazu a layuka suna tambaya. Auta, ƙanwar maigidana, ta bugo waya tana kuka har ban iya jin abin da take faɗa ba. An ce in zauna a gida ko za ka dawo, amma na kasa. Na bar yara da maƙwabciya, na ɗauki gorar ruwa na fita. A kan yashin da magina suka zubar na ga sawunka: ramin sanda a dama, da jan diddigen ƙafar hagu da kake yi tun da ta fara ciwo da gaske. Na bi shi a gefen layi, ina rasa shi ina samu, har ya kai ni babban titi. Nan kwalta ta haɗiye shi.

Na tambayi mai facin taya da ke bakin titin, ya ce bai lura ba, ya turo mini benci. Na zauna. Motoci suna ta wucewa, hanya ta rabu gida uku, ban san wadda zan ɗauka ba. Ina zaune a nan har la'asar ta yi sanyi, ina ta roƙon Allah, sai na ga kurciyoyi suna wucewa ta saman rumfar mai facin, biyu-biyu, uku-uku, a miƙe, babu mai sauka. Sai wata magana da ka taɓa yi mini a ɗaya daga cikin fitarmu ta dawo mini. Ka ce tsuntsun da yake cin tsaba dole ya sha ruwa kafin ya kwanta. Idan ya tafi a miƙe da sauri, ruwa ya nufa. Idan yana tafe yana hutawa bishiya-bishiya, ya sha ne ya yi nauyi. Na ce a raina, mutumin da ya fita bai sha ruwa ba, kuma ya manta komai ban da wannan, ba zai nemi shago ba, kuma ba zai roƙi kowa ba.

Na tsallaka titi na bi inda suka nufa. Na wuce wani garejin gyaran motoci, na bi bayan katangar wata makaranta, na ratsa filin masu buga bulo. Ban taɓa taka wurin ba. Bayan filin akwai wani tsohon rami da aka daɗe da daina ɗibar ƙasa a cikinsa, ruwa ya rage a gindinsa, ga wani ɓaure a bakinsa. Kana zaune a ƙarƙashin ɓauren, hularka a kan gwiwa, ka jiƙa fuskarka da gaban rigarka, kana kallon tsuntsaye suna sauka.

Da ka ji tafiyata ka ɗago. Ka dube ni da kyau, ka ga mayafina a karkace, ka ga hawaye, ka ce: "Sannu, 'yata. Ɓata kika yi?"

Na matso kusa da kai.

"Kada ki yi kuka, ba a kanki aka fara ba," in ji ka. "Zauna ki huta tukuna. Ni zan kai ki gida."

Na zauna. Na miƙa maka gorar ruwa, ka ƙi karɓa sai da na fara sha a gabanka, sannan ka sha sosai. Ba ka tambaye ni sunan unguwa ba. Ka tambaye ni ko rana tana dukan ƙofar gidanmu da safe ne ko da yamma, na ce da safe. Ka tambayi ko da zan zo na tsallaka babbar hanya, da kuma ko gangarowa na yi ko hawa. Na amsa maka. Ka gyaɗa kai, ka dafa sanda ka miƙe, ka dubi inuwarka wadda ta yi tsawo a gabanka, ka ce in biyo ka kada in yi nisa. Na ja baya kaɗan na kira ɗanka a waya, na ce masa an gan ka, kada ya zo da babur, ya jira mu a ƙofa.

Ba ta hanyar da na zo ka bi da ni ba. Ka bi wata da ta fi kusa, ta gefen wani lambu, kana tafe kana waiwayowa ka ga ko na gaji. Da za mu tsallaka titi ka ɗaga sanda ka tare mini motoci. A layinmu ne kawai ka ɗan tsaya, domin gidajen sun rikita ka, sai na ce ga namu can, inda mutumin nan yake tsaye. Ɗanka yana bakin ƙofa, leɓunansa sun bushe, idanunsa jajur. Ka yi masa sallama, ka ce: "Malam, iyalinka ce wannan? A hanya muka haɗu, muka taho tare."

Ya daɗe yana kallonka. Sannan ya rusuna ya ce: "Na gode, Baba. Ku shigo ku huta."

Bayan wannan rana 'ya'yanka suka zauna shawara. Yaya Babba, yayar maigidana, ta ce a sa kwaɗo a ƙofa, kuma ba ta faɗi abin da ba daidai ba, domin da ramin nan ya fi haka zurfi da wani labari ake yi. Aka sa. Kwanaki kaɗan muka yi a haka. Kakan zo ka tsaya a jikin ƙofa, ka kama ƙarfen da hannu biyu, ba ka faɗa, ba ka roƙo, kana leƙen bishiyar waje ta tsaga. Abinci ya fara dawowa yadda aka kai shi. Ɗanka ya ce ba zai iya kallon wannan ba. Aka bar kwaɗon a wurinsa, amma aka raba fita da kai: ni da sassafe kafin in tafi aiki, shi da yamma idan ya dawo, Auta kuma a ƙarshen mako. Yaya Babba da kanta ta sayo maka takalmi mai taushi.

Waɗannan safiyoyin su ne abin da na fi riƙewa yanzu. Kullum a wurinka ni baƙuwa ce wadda ba ta san unguwar ba, kullum kuma kana farawa daga farko, da murnar mai nuna abu karo na farko. Na ji darasi ɗaya ya fi a ƙirga, ban taɓa gajiya ba. Wani lokaci kuma sai ka ɓullo da abin da ban taɓa ji ba: yadda ake gane sawun mai gudu da na wanda ya gaji, yadda ƙudan zuma mai kaya yake tashi ƙasa-ƙasa ya nufi gida, yadda ƙasa take canja ƙamshi kusa da ruwa. Masu shagunan layin suka saba da mu, har mai shayi yake ajiye maka kujera yana tambayarka ko yau za a yi ruwa ya shigar da bencinansa. Da ƙafafun suka gaza, muka matsar da gadonka jikin taga. Abin da ka fi roƙo a makonninka na ƙarshe shi ne a ɗage labule.

A zaman makoki tsohon abokin aikinka ya zo, wanda kake kira Gajere ko da yake ya kusa kai ka tsawo. Ya tsufa ƙwarai, jikansa ne ya riƙo shi. Da maigidana ya ba shi labarin ranar ɓaure, ya share ido da hannun riga ya ce ai haka kake yi tun kuna samari. Ya ce a shekarun da kuka yi a gandu ba zai iya lissafa mutanen da ka fito da su daga daji ba, masu itace, masu neman dabbar da ta ɓace, matafiyan da suka yanke hanya. Ba ka taɓa yi wa ɗayansu faɗa ba. Ka zaunar da mutum, ka ba shi ruwa, ka jira hankalinsa ya dawo. Idan kun kusa shiga gari sai ka jera da shi kafaɗa da kafaɗa, duk wanda ya tambaya ka ce a hanya kuka haɗu, don kada a mayar da shi abin dariya. Ya ce akwai waɗanda har suka mutu iyalansu ba su san sun taɓa ɓata ba. Ina jin wannan daga bayan labule, na tashi na shiga ɗaki.

Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidana, wanda ya yi shekara biyu yana amsa sunan "Malam" a bakin mahaifinsa bai taɓa nuna masa ciwon abin ba. Ina miƙa ta ga Yaya Babba da Auta da iyalansu, ga jikokinka da har yanzu suke rage murya idan sun zo wucewa ta ƙofar ɗakinka, ga Baba Gajere da sauran abokan aikinka da suka rage, da maƙwabtanmu da suka bazu cikin rana suna nemanka. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka, Ya saka wa kowa da alheri.

Ya Allah, Ka jiƙan wannan bawa Naka, Ka gafarta masa kurakuransa, Ka sa ciwon da ya yi ya zama kankarar zunubi. Ka yalwata masa kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka sanyaya shi. Ka haɗa shi da Inna cikin rahamarKa. Ya manta sunayenmu a ƙarshen rayuwarsa, Ya Allah kada Ka sa mu manta da shi a addu'o'inmu. Ya rufa wa bayinKa asiri a ranar da suka rasa hanya, Ka rufa masa asiri a ranar da kowa yake neman mai rufa masa. Ka sa Aljanna ce gidansa, mu kuma idan tamu ta zo Ka sa mu cika da imani. Amin.